Sharif Al-Idrisi (1100–1165): Rayuwarsa da Hikimar Zanen Taswirarsa

1.0 Gabatarwa

Harshe shi ne babbar hanyar da ɗan'adam yake isar da saƙo, sai dai akwai wasu hanyoyin da suke tafiya tare da shi. Kiɗan tambari yana sanar da fitowar sarki, tsagar fuska tana faɗin asalin mutum, tuta kuma tana nuna ƙasa. Duk inda aka sami alama, aka kuma sami ma'anar da jama'a suka amince su jingina mata, to sadarwa ta samu. Taswira tana cikin irin waɗannan hanyoyi. Zane ce da ake yi a kan takarda ko allo domin wakiltar ƙasa da abin da ke bisanta, kuma kowane layi da launi da ɗigo da ke cikinta magana yake yi. Wannan babi zai kawo tarihin Sharif Al-Idrisi, ɗaya daga cikin mashahuran masana labarin ƙasa na duniya, tare da bayanin dabarun da ya bi wajen sa zane ya isar da ma'ana, da kuma abin da ya biyo baya a wuraren da zanen ya kauce wa gaskiya.

1.1 Asalinsa da Haihuwarsa

Cikakken sunansa shi ne Abu Abdullahi Muhammadu ɗan Muhammadu ɗan Abdullahi ɗan Idrisu. Mafi yawan marubuta tarihi sun tafi a kan cewa an haife shi a shekarar 1100 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 493 bayan Hijira, a garin Sabta da ke bakin teku a arewacin Maroko. Garin yana fuskantar ƙasar Andalus ta tsallaken mashigin Jabal Ɗariƙ, kuma a yau yana ƙarƙashin ikon ƙasar Sifen.

Salsalarsa tana tuƙewa ga Idrisu na Farko, wanda ya kafa daular Idrisawa a Maroko a shekarar 788, shi kuwa tattaɓa-kunnen Sayyadina Hasan ɗan Sayyadina Aliyu ne. Wannan ne dalilin da ya sa ake kiran sa Sharif. Kakanninsa na kusa, wato Banu Hammud, sun riƙe mulki a Andalus, har ɗayansu ya karɓi Kurɗuba a 1016 ya ɗauki laƙabin halifa. Daga baya suka koma mulkin Malaga, kafin sarautar ta kuɓuce musu a tsakiyar ƙarni na 11. Ke nan Al-Idrisi ya tashi a gidan da yake da suna da asali, amma ba shi da gadon mulki. Irin wannan matsayi yana da haɗari a wancan zamani, domin kowane mai mulki yana yi wa ɗan tsohon gidan sarauta kallon abokin hamayya.

1.2 Karatunsa da Tafiye-tafiyensa

An ruwaito cewa ya yi karatu a Kurɗuba, birnin da ya yi fice da malamai da ɗakunan littattafai. Rubuce-rubucensa sun nuna ya naƙalci labarin ƙasa da ilimin tsirrai da magunguna, ga kuma gwaninta a adabin Larabci. Tun yana saurayi ya shiga yawon ƙasashe. Ya zaga garuruwan Andalus da na Arewacin Afirka, ya kai Lisbon ta ƙasar Fotugal ta yau, masu tarihinsa kuma sun ambaci zuwansa Asiya Ƙarama. A cikin littafinsa yakan bambanta wurin da ya gani da idonsa da wanda aka ba shi labari, ɗabi'ar da ta yi masa rana a aikin da ya sa a gaba daga baya.

1.3 Zuwansa Fadar Sarki Roja

Tsibirin Sisili, wanda Larabawa ke kira Siƙilliyya, yana tsakiyar Bahar Rum, dab da kudancin Italiya. Musulmi sun fara cin sa da yaƙi a 827, suka mulke shi fiye da shekara 200, kafin Normawa, waɗanda Kiristoci ne 'yan asalin arewacin Faransa, su ƙwace shi tsakanin 1061 da 1091. Sababbin masu mulkin ba su rushe tsarin da suka tarar ba. A zamanin Roja na Biyu, wanda aka naɗa sarki a 1130, ana rubuta takardun fada da Larabci da Girkanci da Latinanci, kuma Musulmi da dama suna riƙe da muƙamai a birnin Palermo.

Wajajen 1138 ne Al-Idrisi ya isa wannan fada bisa gayyatar sarkin. Malam As-Safadi, wanda ya rasu a 1363, ya kawo labarin cewa sarkin ya girmama shi ƙwarai, ya kuma jawo hankalinsa ga cewa mutum mai jinin halifanci irinsa ba zai sami kwanciyar hankali a hannun sarakunan Musulmi ba, alhali a Palermo babu mai taɓa shi. Ya zauna, aka yanka masa albashi irin na 'ya'yan sarauta.

Buƙatar Roja ita ce ya san iyakokin ƙasarsa da hanyoyinta na tudu da na ruwa, sa'an nan ya san sauran ƙasashen duniya. Wannan buƙata ta haɗa son ilimi da son mulki. A cikin shekarun da ake aikin, jiragen yaƙinsa sun ci Ɗarabulus a 1146, suka ci Mahdiyya a 1148, dukansu garuruwan Musulmi ne na gaɓar Arewacin Afirka. Saboda haka malamin ya sami kansa yana yi wa sarkin da ke yaƙar 'yan'uwansa aikin da zai iya zama makami a hannunsa.

1.4 Yadda Aka Tattara Bayanai

An fara ne da bitar littattafan magabata. Daga cikinsu akwai na Batlimus, masanin Girka da ya rayu a Iskandariyya a ƙarni na 2, da na malaman Musulunci irin su Ibn Khurradazbih da Al-Yaƙubi da Al-Mas'udi da Ibn Hauƙal da Al-Uzri. Da aka ga littattafan suna saɓa wa juna, sai aka koma ga mutane masu rai. Palermo matattarar jiragen ruwa ce, don haka ba a rasa fatake da matuƙa jirgi da mahajjata. Aka riƙa kiran su fada ana yi musu tambayoyi ta bakin tafinta, wani lokaci a tare, wani lokaci ɗaya bayan ɗaya. Abin da bakinsu ya zo ɗaya a kansa sai a rubuta, abin da suka saɓa kuma a ajiye shi gefe. An shafe kimanin shekara 15 ana wannan tankaɗe da rairaya.

Bayan haka aka kawo allon zane, aka riƙa sa kowane wuri a mazauninsa ta amfani da ƙarfen awo mai ƙafa biyu, ana gwada nisan da matafiya suka faɗa da lissafin da ke cikin littattafai. Da zanen ya daidaita, sarki ya sa maƙeran fari suka zuba wani ƙaton faifai na azurfa tsantsa, mai nauyin ratali 400 na Rumawa, aka zana siffar duniya a kansa da tekuna da koguna da duwatsu da garuruwa da hanyoyi.

1.5 Littafin Nuzhatul Mushtaƙ

Domin faifan ya sami mai yi masa sharhi, Al-Idrisi ya wallafa littafin Nuzhatul Mushtaƙ fi Ikhtiraƙil Afaƙ, wanda ma'anarsa ta doshi shaƙatawar mai marmarin ratsa sasannin duniya. An fi sanin sa da Littafin Roja. An kammala shi a watan Shawwal na 548, daidai da Janairun 1154, sarkin kuma ya mutu a watan Fabrairu na wannan shekara, makonni kaɗan bayan ganin abin da ya daɗe yana jira.

Marubucin ya fara da bayanin cewa duniya a mulmule take, tana tsakiyar sararin samaniya kamar ƙwanduwa a cikin ƙwai. Sa'an nan ya bi tsarin Batlimus ya raba ɓangaren da mutane ke zaune gida 7, kowanne ana ce masa iƙlimi. Iƙlimi kamar ɗamara yake, ya miƙe daga yamma zuwa gabas. Na farko yana farawa daga layin da ya raba duniya biyu, na bakwai kuma yana can ƙarshen arewa mai tsananin sanyi. Sabon abin da ya kawo shi ne yanka kowane iƙlimi gida 10, ya zama an sami yanki 70. Kowane yanki yana da taswirarsa, tare da bayanin garuruwansa da nisan da ke tsakaninsu da amfanin gonarsu da sana'o'insu da addininsu da tufafinsu da harsunansu. Ban da waɗannan akwai ƙaramar taswira mai da'ira a farkon littafin, wadda ta tattara duniya duka a waje ɗaya.

1.6 Yadda Zanen Yake Isar da Ma'ana

Ana iya duba hikimar taswirorin ta fuskoki huɗu.

Na farko shi ne fuskar da taswirar ta dosa. Ɗalibin yau ya saba ganin arewa a sama, har yakan ɗauka haka Allah ya halicci duniya. A taswirar Al-Idrisi kudu ce a sama, kamar yadda malaman Musulunci da suka gabace shi irin su Al-Isɗakhri da Ibn Hauƙal suka saba yi. Masu zane na Turai na zamaninsa kuwa gabas suke sa wa a sama, su sa birnin Ƙudus a tsakiya. Abin da yake a mulmule ba shi da sama ko ƙasa, don haka kowane zaɓi al'ada ce. Harsuna ma suna nuna haka, domin a Larabci kalmar arewa da ta hagu tushensu ɗaya, sunan Yaman kuma ya fito daga tushen kalmar dama, abin da ke nuna mai magana gabas yake fuskanta. A Hausa ma kusancin gabas da gaba a bayyane yake. Idan kudu ta hau sama, yamma takan koma hannun dama. Tun da Al-Idrisi yana ƙidaya yankunansa daga yamma zuwa gabas, yana kuma ƙidaya iƙlimai daga kudu zuwa arewa, sai jerin taswirorin 70 ya zama ana bin sa daga dama zuwa hagu, daga sama zuwa ƙasa, daidai da yadda ake karanta shafin Larabci. Mai karatu bai buƙatar a koya masa inda zai fara.

Na biyu shi ne launi. A kwafofin littafin da suka iso wannan zamani, teku shuɗi ne mai layukan igiyar ruwa, koguna da tafkunan ruwan daɗi kuwa kore ne. Da kallo ɗaya matafiyi zai rarrabe ruwan da zai sha da wanda ba zai sha ba, kafin ya karanta ko da harafi ɗaya.

Na uku shi ne siffa. Duwatsu an jera su kamar sarƙa, an shafe su da launuka masu ƙarfi, yadda ido zai gane su a matsayin shinge. Garuruwa kuwa 'yan ƙananan da'irori ne masu kama da fure, da ruwan zinariya, kowanne da sunansa a gefe. Muhimmin abu shi ne alamomin ba sa sauyawa daga shafi zuwa shafi. Alamar gari a ƙasar Sin ita ce alamar gari a Ingila. Wannan daidaito shi ne yake mayar da zane ya zama tsari irin na harshe, domin kalmar da ma'anarta ke sauyawa a kowace jimla ba ta isar da saƙo. Haka kuma ya guji cika shafi da hotunan dodanni da halittun almara, waɗanda suka yawaita a taswirorin Turai na lokacin.

Na huɗu shi ne girma da mazauni. A taswira mai da'ira, tsibirin Larabawa ya faɗo kusa da tsakiya, babban teku kuma ya kewaye duniya kamar zobe. A taswirorin yankuna an zana Sisili da girman da ya wuce nata na haƙiƙa idan aka gwada ta da maƙwabtanta. Ido yakan ɗauki abin da ke tsakiya da abin da ya fi girma a matsayin mafi daraja, ko da ba a rubuta haka ba. Bugu da ƙari, tun da kowane yanki dole ya shiga shafi mai faɗi ɗaya, wasu ƙasashe sun matse, wasu sun miƙe. Tsinin ƙasar Indiya da ya kutsa cikin teku, alal misali, kusan bai fito ba.

1.7 Ƙasar Baƙar Fata a Taswirar

Bisa tsarin da aka bayyana, yanki na farko na iƙlimi na farko shi ne kusurwar sama ta hannun dama, wato Afirka ta Yamma. Da ita bayanin ƙasashe ya buɗe. Al-Idrisi ya ambaci Takrur da Gana da Kaukau, wato Gawo ta ƙasar Mali ta yau. Ya ambaci garuruwan Kanem guda biyu, Manan da Anjimi. A iƙlimi na biyu ya yi bayanin Kawar, wadda take arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar ta yau, da cinikin alif da ake fitarwa daga can. Bai taɓa taka waɗannan ƙasashe ba. Abin da fataken Sahara suka faɗa, da abin da ya tarar a littattafai, shi ya zana.

A nan ne babban kuskurensa ya auku. Ya zana kogin Nilu yana ɓuɓɓugowa daga Dutsen Wata, yana taruwa a wani babban tafki, sa'an nan ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya nufi Masar, ɗayan kuma, wanda ya kira Nilun Baƙar Fata, ya miƙe yamma ya ratsa Gana da Takrur ya faɗa tekun Atlantika. Haƙiƙa fataken sun ga ruwa a waɗannan wurare, amma koguna daban-daban suka gani. Na Takrur kogin Sanagal ne, wanda yake gangarawa yamma. Na Gawo kuwa Kwara ce, wadda take tafiya gabas kafin ta karkata kudu. Mai zane ya haɗa guntayen labarai da layi ɗaya kore. Haka nan ya mayar da Wangara tsibirin zinariya da kogin ya kewaye, alhali sunan wasu fatake ne, waɗanda littafin Tarihin Kano ya ce sun iso Kano a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14.

Akwai darasi a cikin wannan. Mai magana yana da kalmomin sassauci irin su wataƙila, da an ce, da mai yiwuwa. Layin taswira ba shi da su. Kogin da aka auna da kogin da aka zata duk launinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to shi ya sa kuskuren da aka zana ya fi wanda aka faɗa daɗewa. Masu taswirar Turai sun yi ta maimaita kogin nan mai tafiya yamma har tsawon ƙarnuka. Sai a 1796 Mungo Park ya tsaya a Segu ya ga Kwara tana tafiya gabas, a 1830 kuma Richard Lander da ƙanensa John suka bi ta har bakin teku.

Shirun taswira ma magana ne. Babu sunan Kano ko Katsina a cikinta, alhali bisa lissafin da aka yi wa Tarihin Kano, an fara ginin ganuwar birnin a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134. Fili fari a taswira yana nuna iyakar labarin da ya iso ga mai zane. Mai karatun da bai lura ba zai ɗauka babu kowa a wurin.

1.8 Ƙarshen Rayuwarsa

Bayan mutuwar Roja, Al-Idrisi ya ci gaba da aiki a zamanin ɗansa Wiliyam na Farko, ya kuma rubuta masa wani littafin na labarin ƙasa. Yana da littafi a kan tsirrai da magunguna, inda yakan kawo sunan tsiro ɗaya da harsuna da dama, kamar Larabci da Girkanci da Latinanci da Farisanci da harshen Barbar. A 1161 wasu manyan ƙasa suka yi wa sarki bore, aka wawashe fada, aka kashe Musulmi da yawa a Palermo. Masana tarihi da dama suna danganta ɓacewar faifan azurfa da wannan tarzoma. Azurfa ta tafi, takarda ta saura. Al-Idrisi ya rasu wajajen 1165, wato 560 bayan Hijira.

1.9 Makomar Aikinsa

Malaman da suka tattara tarihin mashahuran Musulmi ba su ba shi fili mai yawa ba, kuma masana suna ganin zamansa a fadar sarki Kirista da yabon da ya yi masa ne suka jawo haka. Duk da haka ba a daina amfani da littafin ba. Ibn Khaldun ya dogara da shi a bayanin ƙasashe da ke cikin Muƙaddima. Kimanin kwafi 10 na rubutun hannu suka tsira, suna ajiye a birane irin su Paris da Oxford da Istanbul da Alƙahira.

A 1592 aka buga taƙaitaccen littafin da Larabci a birnin Roma, ba tare da sunan mawallafi ba. A 1619 wasu malamai biyu Kiristocin Labanan suka fassara shi zuwa Latinanci a Paris. A wurin bayanin Nilu da ƙasar Nuba, kuskuren harafi ɗaya ya mayar da kalmar da ke nufin ƙasarta ta koma ƙasarmu, sai suka ɗauka marubucin mutumin Nuba ne, suka sa wa littafin suna Labarin Ƙasa na Banube. Da wannan suna Turai ta san shi tsawon lokaci. An fassara shi zuwa Faransanci tsakanin 1836 da 1840. A shekarun 1920 wani Bajamushe, Konrad Miller, ya harhaɗa taswirorin 70 suka zama babbar taswira guda, ita ce ake yawan gani a littattafai a yau. An buga cikakken matanin Larabci a Italiya tsakanin 1970 da 1984.

1.10 Kammalawa

An ga yadda Al-Idrisi ya tashi a gidan da ya rasa sarauta, ya sami mafaka a fadar da ba ta addininsa ba, ya kuma shafe shekara 15 yana tace labaran matafiya. An ga yadda ya yi amfani da fuska da launi da siffa da girma ya gina tsarin alamomi mai ɗorewa, da yadda wannan tsari ya ɗauki daidai da kuskure da murya ɗaya. Malamin da zai rataya taswira a bangon aji yana da nauyin koya wa ɗalibai karanta ta kamar yadda ake karanta matani. Su tambayi wanda ya zana ta, da wanda aka zana wa, da abin da aka sa a tsakiya, da abin da aka bari a waje.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana dalilan da suka sa Al-Idrisi ya zauna a fadar Roja na Biyu.
2. Wace hanya aka bi wajen tantance labaran matafiya?
3. Kawo alaƙar da ke tsakanin tsarin taswirorin 70 da tsarin rubutun Larabci.
4. Me ya sa kuskuren Nilun Baƙar Fata ya daɗe ba a gyara ba?
5. Zana taswirar unguwarku ka sa gabas a sama, ka ƙirƙiro alamomi biyar, sa'an nan ka ba abokin karatunka ya fassara su ba tare da ka yi masa bayani ba.